Kwalbatina a Kalandarku

Wudil, 4 ga Oktoba

Zuwa ga ɗan'uwana Garzali Nu'uman, Agege, Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Juwairiyya da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke motsawa jefi-jefi, ita ma da sauƙi. Ranar Talata na je Achika na gaida Inna Indo. Tana nan da ƙarfinta. Ta ce in faɗa maka atamfar da ka aiko ta iso, amma atamfa ba ta gaida uwa.

Ka san ni, amma bari in tuna maka, don shekara shida a Legas tana iya wanke wa mutum kai. Ni Halliru, a aji uku na bar sakandare, makon da aka binne mahaifina. Da jaki ɗaya da mangala na fara ɗibar yashi a bakin kogin Wudil, jakin ma ɗingishi yake yi. Daga jaki na koma kura. Daga kura na sayi injin bulo na hannu, ni ke kwaɓawa, ni ke bugawa, ni ke ban ruwa. Yau injina uku, tifa biyu, mutum goma sha tara ke cin abinci a ƙarƙashin rumfata. Na gina gidana. Na gina wa mahaifiyata nata, ta kwana a ciki shekara huɗu kafin Allah ya karɓi abarsa. Na sauke farali. Na kai 'yata Khaulat jami'a har ta gama. A duk wannan babu kansila, babu ciyaman, babu ɗan majalisar da ya taɓa ba ni ko cokalin siminti. Allah ne, sai hannuwan nan biyu.

Cikin abin da hannuwan suka yi akwai kwalbatin da ke kan kwazazzabon hanyar Achika. Bara waccan na gina shi, bayan ɗaukewar ruwa. Rodi nawa, tsakuwa tawa, yashi daga tifata. Mutanen gari suka kawo ƙarfinsu, mata suka kawo kunu.

Jiya Khaulat ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, ga kwalbatinka ya shiga kalanda." Na sa tabarau na duba. Samfurin kalandar baɗi ce ta ƙungiyarku ta masoya gwamna mazauna Legas, wadda kai ne sakatarenta. Kowane wata da hoton aiki ɗaya. A watan Agusta ga kwalbatina, an shafe shi da fentin jam'iyyarku ruwan goro, a ƙasa an rubuta: aikin Mai Girma Gwamna.

Fentin na san da shi. Samarinku na mazaɓa ne suka shafa lokacin da manyanku za su wuce. Ranar har turken wuta da gindin darbejiya ba su tsira ba, da akuya ta tsaya a bakin hanya da ta kwana ruwan goro. Ban ce komai ba, don fenti ba ya cin siminti. Amma rubutu daban ne. Abin da aka buga aka rataye a shago da ɗakin amarya, shi jikoki za su ɗauka gaskiya.

Na ƙi kiranka a waya da gangan. Ku 'yan siyasar yanzu kuna naɗar muryar mutum, ku yanke kai da gindi, ku watsa tsakiya. Takarda ba ta yankuwa a ɓoye. Na ba Bilya direban tirelar shanu, yau zai tashi daga Kara, kasuwar shanu. Ta hannunsa za ka amsa mini.

A gyara shafin nan kafin a buga.

Naka,
Alhaji Halliru Mai Bulo

Agege, 11 ga Oktoba

Yaya Halliru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, tana warin shanu. Muna lafiya, Juwairiyya tana gaishe ka da Hajiya Safiyatu. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, kodayake gwiwar da ta ɗauki wannan girman kan dole ta yi ƙara.

Na karanta wa abokaina tarihin jakin, mun sha dariya. Ban san ɗingishi yake yi ba, bara da ka ba da labarin ido ɗaya gare shi.

Yanzu batun kalanda. Yaya, ka manta matsayinka ne? Kakana namiji ne, kakarka ƙanwarsa ce. Kai jikan mace ne, kuma tun kaka da kakanni an san duk abin da bawa ya gina na ubangidansa ne. To mene ne na tayar da jijiyar wuya?

Hoton daga mazaɓa aka turo mana shi cikin hotuna fiye da ɗari, da fentinsa da komai. Ni ban zaɓa don in ɓata maka ba, kyau ya yi mini. Kuma tsakani da Allah, mene ne kwalbati ɗaya a cikin abin da bawan Allahn nan ya yi? Ka shiga birni ka ga tituna. Ka ga asibitocin da aka gyara. Yaran talakawa nawa aka mayar makaranta? Tsofaffin ma'aikata nawa suka daina zaman jiran haƙƙinsu a rana? Nan Legas in muka fito da hotuna, har Yarabawan layinmu leƙowa suke yi. Ku kuwa da kuka riƙe mulki shekara da shekaru, me kuka bari ban da allunan harsashi da ciyawa ta cinye? Abin da ke damunku 'yan adawa shi ne, ko ruwan sama aka yi da kyau sai kun ce ba a zamaninsa ba ne.

Da babu zaman lafiya da kasuwa a ƙarƙashin mulkinsa, da wa zai sayi bulonka har ka sami na kwalbati? Ka ga ashe da hannunsa a ciki.

Sannan tambaya ɗaya, don na san kana zuwa ɗaukar karatu a masallaci. In don Allah ka yi, me za ka yi da suna? Mala'iku ba sa duba kalanda.

Ranar ɗaya ga Disamba za mu kai maɗaba'a. Zan aiko maka guda biyar, ka rataye ɗaya a rumfar bulo.

Ubangidanka,
Garzali

Wudil, 18 ga Oktoba

Garzali,

Salama. Muna lafiya. Inna Indo tana lafiya. Gwiwata ba ruwanka da ita.

Na karanta takardarka sau uku. Wato ni ne bawan gwamnanka. Ni da ban taɓa tsayawa a ƙofar gidan gwamnati ba, ban taɓa bin motar kowa da gudu ba, yau ɗan Malam Nu'uman ya zauna a Agege ya rubuta da hannunsa cewa abin da na gina na ubangidana ne. Har ka tara mini 'yan dariya. Na gode.

Ka ce in shiga birni in ga tituna. Na gani, tifata tana bi ta kai. To mutumin Achika a kan titin birni zai kai gerona kasuwa? Takin da aka yi ta shela a rediyo, sai da dawa ta fitar da kai ya iso, shi ma aka raba a gidan shugaban jam'iyya. Akwai ajin da na sani, in hadari ya taso malam ke cewa yara su tafi gida, don rufin ya riga su tafiya. Kai kana ganin jihar nan a cikin waya, tsawonta bai kai tafin hannu ba, shi ya sa komai ke maka kyau. Mu a cikinta muke taka ƙaya.

Ka tambaye ni don wa na yi. Bari in faɗa maka abin da aka ɓoye maka. Damina uku da suka wuce, cikin Agusta, watan da ka zaɓa wa hoton, zazzaɓi ya kayar da mahaifiyarka har ba ta gane mutane. Ruwa ya cika kwazazzabo, mota ba ta shiga, babur ba ya fita. Ƙyauren ɗakinta muka cire muka ɗora ta a kai. Mu shida muka ratsa da ita, ruwa iya ƙirji, ni ne a gaba ta hannun dama. A nan gwiwar ta samo asali, tunda kana son sani. Da ta farfaɗo ta ce kada a gaya maka, kana nema a bariki, kada hankalinka ya tashi. Na riƙe mata har yau. A tsakiyar ruwan nan na yi wa Allah alkawari ba za a sake ɗaukar tsohuwa a kan ƙyaure a wannan hanya ba.

Ban ga gwamna a cikin ruwan ba. Ban ga sakataren masoyansa ba.

Ladana yana wurin Allah, ban nemi ka ƙara mini ba. Amma rashin neman yabo daban, yarda da ƙarya daban. Ka sa a leƙa ƙarƙashin kwalbatin ta gefen gabas. Mu magina ba ma barin aiki babu shaida. Tun siminti yana ɗanye na sa ƙusa na rubuta ranar da aka gama. Buroshin samarinku bai kai can ba, don sai an durƙusa.

Ina jiran amsa ta hannun Bilya.

Halliru

Wudil, 8 ga Nuwamba

Garzali,

Salama. Lafiya lau.

Juma'a uku ke nan ina zuwa Kara ina tambaya ko an bar mini saƙo. Har dillalai sun fara tsokanata wai ko budurwa na yi a kudu. Babu takarda, babu Bilya.

Na gane. Na faɗa maka uwarka ta ratsa ruwa a kan ƙyaure, kai kuma ka ga wannan bai isa a ɓata tawada ba. Shiru ma magana ce, na kuwa ji ta.

To ka saurara. In kalandar nan ta fito yadda take, zan sayi fili a gidan rediyo, in zo da mutum biyar da muka ɗauki ƙyauren, kowa ya faɗi sunansa. Zan faɗi naka kai ma, da na ƙungiyarku. Bayan nan, in mun haɗu a gidan biki ko gidan makoki, ka gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Zumuncin da kakanninmu suka bari ba zan riƙe shi ni kaɗai kamar jelar saniya ba.

Wannan ta hannun wani direban na ba da.

Halliru

Agege, 15 ga Nuwamba

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da Khaulat. Yaya gwiwar? Wannan karon da gaske nake tambaya.

Ban yi shiru ba. Na amsa tun washegarin da takardarka ta zo. Tirelar Bilya ce ta lalace bayan Mokwa, ya yi kwana goma sha tara a gindinta yana jiran kayan gyara, daga can kuma aka juyo da shi Legas da wani lodin. Shekaranjiya ya dawo mini da takardata duk baƙin mai. Na karanta abin da na rubuta, na gode wa Allah da ya kashe injin, na yaga ta.

Maganar bawa, Yaya, wasan taubasai ne. Ni nake nufi da ubangidan, ba gwamna ba. Tun ina yaro nake kiranka haka kana jefo mini takalmi. Ban san siyasa ta kai mu inda ba ka gane muryata a takarda ba.

Na kira Inna. Da farko ta ce wa ya faɗa mini, daga baya ta ce haka aka yi. Na kasa cin abinci ranar. Abin da ka yi mata ba ni da bakin gode maka, kuma ban musa ba, kwalbati naka ne.

Amma tunda yau ranar tone-tone ce, ni ma ina da tawa. Rijiyar da ke ƙofar gidanmu a Achika, wa ya haƙa ta? Mahaifina ne, Malam Nu'uman, shi da ƙaninsa, rani biyu, gaba goma sha huɗu. Shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin naku ne ke sama, kai ne ma'ajin jam'iyya na mazaɓa. Baƙi za su zo daga birni. Wa ya zo da bokitin shuɗin fenti ya shafe bakin rijiyar, ya sa aka rubuta sunan gwamnanku na lokacin? Ina tsaye a zaure. Malam bai fi wata bakwai da rasuwa ba. Na buɗe baki, Inna ta ce in rufe, kai babba ne. Har yau in aka turo mini hoton gida, shuɗin nan nake fara gani. Yaran da aka haifa bayan nan rijiyar gwamna suke ce mata.

Ban sa kwalbatinka a kalanda don ramuwa ba, Allah ya sani. Amma da na gane naka ne, wani abu a raina ya ce, to, ya ɗanɗana.

Ga halin da nake ciki. Shugabanmu ya riga ya nuna wa manya samfurin. In na ce a cire shafin Agusta saboda ɗan'uwana ɗan adawa, sunana ya zama ɗan leƙen asiri, kujerar da na yi shekara huɗu ina riƙe da ita ta tafi. A nan bariki ƙungiyar nan ce dangina. Kuma har gobe ina nan a kan bakana, gwamnan nan ya fi naku aiki nesa ba kusa ba. Gadon asibitin da aka kwantar da Inna a kai ma a zamaninsa aka kawo shi, ka tambaya.

Saura kwana goma sha shida. Ka faɗa mini, kai da ka san zafin abin, me ka yi da sunan mahaifina?

Ƙaninka,
Garzali

Wudil, 22 ga Nuwamba

Zuwa ga Garzali, jikan namiji, wanda bai gaji komai ba sai baki.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura, dalili yana tafe. Ka gaida Juwairiyya. Ka ce wa Bilya ya sayar da wannan akwalar ya sayi jaki, na san inda ake samun mai ɗingishi.

Da na karanta takardarka na ce ƙarya kake yi. Na faɗa a rumfa da ƙarfi har ma'aikata suka juyo. Na kwana biyu ina cewa ƙarya ne. Ran Litinin da hantsi na tafi Achika don in kawo maka shaida.

Na tarar da Inna Indo tana tsince wake a tsakar gida. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, wai ni na shafa wa rijiyar Malam fenti?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai ne mana. Da wata hula mai tsini a kanka."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Me zan ce? Ka zo da zafinka kana ta ba da umarni. Har ka ce fentin ya yi kauri, a kawo ruwa. Ni na ja guga na ba ka. Da ruwan rijiyar ka dama."

Na ce, "Shekara goma sha biyu, Inna."

Ta ce, "Ruwan bai canza ɗanɗano ba. Kai dai da ɗan'uwanka ku ne kuke sha da ido." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Garzali, ni ba mutumin da ke neman gafara a takarda ba ne, ban iya ba. Abin da na iya shi na yi. Na koma Wudil na ɗauko buroshin ƙarfe da guduma da rabin buhun siminti. Ban aiki kowa ba, ga mutum goma sha tara a rumfa. Na durƙusa a bakin rijiyar tun azahar, da rana tsaka, mata na zuwa ɗiban ruwa suna kallona. Shuɗin ya kama sosai, don ni in na yi aiki ba na yin na wasa, har wanda bai kamata ba.

Ina cikin kankara sai ga Ja'afar, shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa, a kan babur. Ya ce, "Alhaji, lafiya? Sunan jagora kake gogewa? Ko ka sauya sheƙa ne ba mu sani ba?"

Na ce, "Jagora ya taɓa shiga ramin nan?"

Ya ce, "Ai ba a nan take ba. Mutanen can za su yi mana dariya."

Na ce, "Su yi. In ka gama, miƙo mini bokitin can."

Bai miƙo ba. Ya tafi yana waya, kuma na ji an ce za su zauna a kaina ranar Asabar. Su zauna. Ban bar jam'iyyata ba, ba kuma zan bar ta don in shiga taku ba. Da ƙafata na shiga, babu wanda ya saye ni, babu mai korata kamar kaza.

Washegari na yi sabon shafe. Tun yana ɗanye na sa ƙusa na rubuta, ba a ƙarƙashi ba, a sama inda mai jan guga zai gani: Malam Nu'uman Achika da ƙaninsa Ɗayyabu suka haƙa. Inna ta sa Khaulat ta karanta mata sau biyu. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Hoton yana cikin ambulan ɗin nan, na sa an wanke shi a takarda don kada ka ce aikin waya ne.

Kada ka ɗauka wannan ya sa na sallama maka gwamnanka. Gadon asibiti na tambaya, an ce haka ne, na ba shi gado ɗaya. Takin dai bai zo a kan lokaci ba, rufin ajin yana nan a buɗe, kuma ranar zaɓe za ka ji ƙuri'ata tun daga Agege. Abin da na gane kawai shi ne buroshinku da namu a shago ɗaya aka saye su.

Batun kujerarka. Ban ce ka cire shafin Agusta ba, kada ka jawo wa kanka. Ka bar hoton. Ka bar fentinku. Ka bar gwamnanka a sama da murmushinsa, ya yi ta kallon kwalbatin har shekara ta ƙare, wataƙila ya koyi yadda ake zuba kankare. Layi ɗaya na ƙasa za ka canza. In shugabanku ya tambaya, ka ce masa a zamanin Mai Girma har 'yan adawa aiki suke yi, ai kun iya irin wannan maganar. In ya ƙi, ka nuna masa hoton rijiya ka ce wani tsoho mai ciwon gwiwa ya yi nasa, a gaban jama'arsa.

Ni na durƙusa na mayar wa ubanka sunansa. Kai ba sai ka durƙusa ba, biro kawai za ka ɗauka. Kuma kada a sa mini "wani bawan Allah" ko "al'ummar gari". Ga yadda za a rubuta, harafi da harafi, ka duba da idonka a maɗaba'a kafin injin ya tashi:

Alhaji Halliru Sanusi Mai Bulo, Wudil, shi ya gina.